Kuɗin famfo ko kuɗin magani: Dokar da gidajen Gombe ke buƙata a kan ruwan sha

 A wannan mako za mu ɗan bar kantar magani mu leƙa Majalisar Dokoki. Abin da ya jawo haka kuwa wata 'yar hira ce da na yi da wata uwa.

Wata yamma a bazarar da ta wuce, wata matashiyar uwa ta shigo shagon maganin da nake aiki a nan Federal Low-Cost, goye da yaro ɗan shekara biyu da 'yan watanni. Zuwanta na uku ke nan cikin wata biyu, kuma kullum kukan ɗaya ne.

Ta ce, "Anti, a ba ni Flagyl na ruwa da ja-da-yalo. Cikin nasa ya sake ɓarkewa."

Na ce, "Maman yaro, zauna tukuna. Wane ruwa kuke sha a gida?"

Ta ce, "Na 'yan ga-ruwa. Babansa yakan sayo na leda idan an yi albashi, amma kafin tsakiyar wata ya ƙare."

"Kin san inda suke ɗebowa?"

Ta yi murmushi. "Anti, mu da muke roƙon su zo layinmu, ina muka ga bakin tambaya?"

Ban ba ta abin da ta nema ba. Na haɗa mata ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zink, na nuna mata yadda za ta tsaftace ruwan shan yaron, na kuma ce idan bai yi sauƙi ba zuwa gobe ta kai shi asibiti. Bayan ta fita sai na zauna ina tunani: maganin da na ba ta zai tsayar da wannan gudawar, amma ta huɗu tana nan tafe matuƙar jarkar gobe daga wuri ɗaya za ta fito. Abin da zai raba yaron nan da kantata bututu ne mai kawo ruwa mai tsafta, shi kuma bututu kuɗi yake ci. Daga ina kuɗin za su fito, wa zai biya, kuma wa zai tabbatar an gyara shi idan ya fashe? A nan ne maganar doka ta shigo.

Lissafin da ba mu cika yi ba

Mu ɗauki gida mai mutum takwas da ke sayen jarka takwas a rana, kowace mai lita 25. Lita 200 ke nan, wato kowane mutum ya tashi da lita 25 don sha, girki, wanka, wanki, alwala da ban-ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum yana buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana kafin a ce an biya masa muhimman buƙatunsa. Wannan gida rabin mafi ƙarancin adadin yake samu.

A ce kowace jarka naira 100 ce. Naira 800 ke nan a rana, naira 24,000 a wata. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun daga 2024 naira 70,000 ne. Ga magidancin da ke kan wannan mataki, kashi ɗaya cikin uku na albashinsa ya tafi a ruwa, alhali ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke amfani da shi ya ce bai kamata kuɗin ruwa ya wuce kashi 3 cikin 100 na abin da gida ke samu ba. Ba mu sa kuɗin ruwan leda ba, ba mu sa na asibiti da gwajin jini da magani ba, ba mu kuma sa kwanakin da uwa ta rufe sana'arta tana jinya ba.

Saboda haka idan aka ce talaka ba zai iya biyan kuɗin famfo ba, sai in ce ai ya daɗe yana biya. Yana biya da tsada, kuma ruwan da ba wanda ya gwada masa.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. A 2021 Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, ta samu rahoton mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a faɗin Najeriya, fiye da 3,600 suka rasu. A watan Satumban 2022 Gwamnatin Jihar Gombe ta sanar da ɓarkewar cutar a jihar nan, bayan ta yi ajalin mutum 10. Taifot da gudawar yara kuwa ba sa jiran sanarwa, kullum muna tare da su.

Daga Dadin Kowa zuwa randarki

Babbar madogarar birnin Gombe ita ce madatsar ruwa ta Dadin Kowa da ke kan Kogin Gongola a Ƙaramar Hukumar Yamaltu/Deba, wadda Gwamnatin Tarayya ta gina tun a shekarun 1980. A zamanin Gwamna Muhammad Danjuma Goje, wanda ya yi mulki daga 2003 zuwa 2011, aka gina matatar ruwa a can, aka jawo bututu zuwa cikin gari. An tsara matatar ta riƙa tace lita miliyan 50 a rana.

Lita miliyan 50, idan aka raba wa kowa lita 100, za ta ishi mutum 500,000. Wannan idan injuna sun yi aiki dare da rana ke nan, kuma ko ɗigo bai zube a hanya ba. A ƙidayar 2006 mutanen Ƙaramar Hukumar Gombe ba su kai 300,000 ba. Yau gari ya bazu ya shiga ƙasar Akko da Kwami da Yamaltu/Deba, ga kuma 'yan uwanmu da rikicin Boko Haram ya taso daga Borno da Yobe, da yawansu sun zama 'yan gari. Shi ya sa gwamnatin Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ta ba da aikin gyara tsarin da faɗaɗa shi da kai bututu unguwannin da ba su da shi.

Akwai wani abu da ya kamata a fahimta. Gombe tana kan tudu, Dadin Kowa tana kwari. Duk litar da ta iso famfonki sai da inji ya turo ta sama tsawon kilomitoci masu yawa, da wutar lantarki ko man dizal. A ƙara da kuɗin alif da kulorin, da albashin ma'aikata, da sauya bututun da ya tsufa. Gina matata kashe kuɗi ne na lokaci guda. Tafiyar da ita kuwa kashe kuɗi ne na kowace safiya, kuma a nan ne yawancin ayyukan ruwa a ƙasar nan suke durƙushewa.

Ga kuma abin da ya shafi lafiya kai tsaye. Bututun da kullum yake cike da ruwa mai ƙarfi, ko ya tsage, ruwa ne ke fita daga cikinsa. Amma wanda ake ba shi ruwa yau a ɗauke gobe, idan ya zama fanko yakan zuƙo abin da ke kewaye da shi. Idan ta cikin kwata ya bi, ko kusa da sokawe, ƙazantar ce za ta shiga, ta fito da ruwan farko ranar da aka kawo. Ashe yankewar ruwa ba wahalar ɗauka kaɗai take jawowa ba, har da cuta.

Rance daban, tallafi daban

Hanya uku gwamnati ke samun kuɗin irin wannan aiki: kasafin kuɗinta, tallafi wanda ba a biya, da rance wanda dole a biya. A rediyo sau da yawa akan haɗa biyun ƙarshe a kira su "tallafin Bankin Duniya," mai sauraro ya ɗauka kyauta ce.

A watan Mayun 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin samar da ruwan sha da tsaftar muhalli da ake kira SURWASH. Jihohi bakwai aka fara da su: Gombe, Katsina, Kaduna, Filato, Delta, Ekiti da Imo. Burin shirin shi ne mutum miliyan 6 su samu ruwan sha, mutum miliyan 1.4 su samu ban-ɗaki mai inganci, a kuma gyara harkar ruwa da tsafta a makarantu da asibitoci 2,000. Waɗannan kuɗi rance ne. Sharuɗɗansa masu sauƙi ne, ana biya cikin shekaru masu yawa, amma dai bashi ne.

Tsarinsa ya bambanta da na da. Mafi yawan kuɗin ba a ba jiha su a hannu tun farko. Jiha ce za ta fara kashe nata ta yi aiki, masu tantancewa daga waje su zo su ƙirga gidajen da ruwa ya isa da gaske, sannan a biya ta. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Jihar da ba ta saki nata kason a kan lokaci ba, kuɗin suna can a ajiye ba za ta taɓa su ba.

Jiha ba ta cin bashin waje da kanta. Gwamnatin Tarayya ce ke karɓowa ta miƙa mata, idan lokacin biya ya zo a cire daga kasonta na wata-wata kafin ya iso Gombe. Daga wannan kaso ake biyan albashin nas-nas da malaman makaranta. Kuma da kuɗin waje ake lissafin bashin. Lokacin da aka amince da SURWASH, dala ɗaya a farashin gwamnati kusan naira 410 ce. A 2024 ta haura naira 1,500. Duk dala miliyan ɗaya da ake bin mu, nauyinta a naira ya ninka fiye da sau uku.

A Hausa "kuɗin ruwa" ma'ana biyu gare shi: wanda kake biya ka sha, da wanda banki ke ɗora wa bashi. Abin tsoro shi ne yaron da aka goyo zuwa kantata ya girma yana biyan na biyun, bai taɓa cin moriyar na farkon ba.

Zariya ta nuna mana yadda ake haɗa irin wannan kuɗi. Gwamnatin Tarayya ta gina madatsar Galma, Jihar Kaduna ta gina matata mai tace lita miliyan 150 a rana wadda aka ƙaddamar a 2017, sannan aka ci rancen Bankin Musulunci na Raya Ƙasashe da na Bankin Raya Ƙasashen Afirka don manyan bututu da tankuna da rarrabawa cikin gari. Kowane ɓangare da mai biyansa, kuma muddin ɗaya ya makara, magidanci ba ya ganin ruwa komai girman matatar.

Me ya sa sai an yi doka?

Ba a rasa manufofi ba. Tun a 2000 Manufar Ƙasa kan Ruwan Sha da Tsaftar Muhalli ta raba nauyin gina ayyukan ruwa. A birane, Tarayya ta ɗauki kashi 30 cikin 100, jiha 60, ƙaramar hukuma 10. A karkara, Tarayya 50, jiha 25, ƙaramar hukuma 20, jama'ar gari 5. A watan Nuwamban 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ruwa da tsafta. Sai dai manufa ba ta ɗaure kowa. Wanda bai kawo kasonsa ba, ba mai tuhumarsa.

Ƙudurin Dokar Albarkatun Ruwa na Ƙasa kuwa ya sha shiga Majalisar Tarayya yana fitowa tun 2018, har Majalisar Dattawa ta sake yin watsi da shi a 2023, saboda taƙaddama a kan wanda zai mallaki koguna da gaɓarsu. Ko da an zartar da shi, kai ruwa gida-gida aikin jiha ne. Jihar Kaduna ta yi tata dokar ruwan sha a 2016, wadda ta raba mai sayar da ruwa da mai sa masa ido. Ba abin da ya hana kowace jiha ta yi tata, ta kuma inganta wadda take da ita.

Mu ma'aikatan lafiya mun ga amfanin rubuta kuɗi a cikin doka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don asusun kula da lafiya a matakin farko. An ɗauki shekaru kafin a fara sakin kuɗin, amma da yake doka ce, masu fafutuka sun samu abin riƙewa suna tambaya har aka fara.

A Amurka, dokar 1987 ta kafa wa kowace jiha asusu mai juyawa don ayyukan tsaftace gurɓataccen ruwa, ta 1996 kuma ta kafa irinsa don ruwan sha. Tarayya tana zuba jari, jiha ta ƙara kashi 20 cikin 100 na abin da aka ba ta, sannan ta ranta wa garuruwanta da sauƙi su biya cikin shekara 20 zuwa 30. Abin da aka biya asusun yake komawa, a ranta wa wani gari. Garuruwan da ba su da ƙarfi akan yafe musu wani ɓangare na bashin, ya zama tallafi. A Kenya ma, dokar ruwa ta 2002 ta kafa asusun amana da ke tallafa wa unguwannin marasa galihu da karkara, dokar 2016 ta faɗaɗa shi. Da kuɗinsa aka gina rumfunan sayar da ruwan famfo a farashi ƙayyadadde a unguwannin da bututu bai shiga gida-gida ba.

Darasi daga asusun magani

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga duk wanda ya karanta harhaɗa magunguna. Tun bayan taron ministocin lafiya na Afirka a Bamako a 1987, asibitocinmu suka rungumi asusun magani mai juyawa: a ba asibiti jari, ya sayo magani, ya sayar da 'yar riba kaɗan, kuɗin su koma asusu a sake sayowa. Inda aka riƙe amana, kantar asibiti ba ta bushewa. Inda ya mutu kuwa, ta hanyoyi sanannu ya mutu. An ari kuɗin an yi wata hidima da su ba a mayar ba. Manya sun karɓi magani bashi ba su biya ba. An ce a ba marasa hali kyauta ba tare da an ware wanda zai cike gurbin ba. Farashi ya tashi a kasuwa, ba a sabunta na kanta ba, jari ya narke.

Asusun ruwa ma ta waɗannan ƙofofi zai mutu. Don haka duk dokar ruwan da Majalisar Dokokin Jihar Gombe za ta yi ko za ta yi wa gyara, ga abubuwan da nake ganin iyalai ya kamata su nema a cikinta.

Na farko, asusu keɓantacce da doka ta faɗi kason da zai riƙa shiga cikinsa kowace shekara, ta kuma haramta taɓa shi don wani abu daban.

Na biyu, a fayyace abin da za a yi da rance da abin da za a yi da tallafi. Aikin da zai iya biyan kansa, kamar kai bututu da mita unguwannin ma'aikata da 'yan kasuwa, da otal-otal da masana'antu, a yi shi da rance. Makarantar firamare, asibitin unguwa, ƙauyen da ruwansa ke da nisa a ƙasa, da kuɗin jona wa gidan marar hali famfo, waɗannan na tallafi ne.

Na uku, kada a amince da gina komai sai an nuna wanda zai gyara shi da kuɗin da zai yi gyaran. Kowa a cikinmu ya san rijiyar burtsatse da aka buɗe da kiɗa da jawabai, ta tsaya bayan shekara ɗaya saboda wani ɗan ƙarfe.

Na huɗu, gwajin ruwa a kai a kai, a kuma manna sakamakon inda jama'a za su gani. Wannan ya haɗa da rijiyoyin burtsatse na 'yan kasuwa da 'yan ga-ruwa ke ɗiba. Gwajin kada ya tsaya ga ƙwayoyin cuta. A yankin Kaltungo an daɗe da sanin cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa na wasu wurare yana da yawan sinadarin fuloraid, mai rina haƙoran yara, wanda idan ya yi yawa yakan taɓa ƙashi. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 a kowace lita, kuma tafasawa ba ta cire shi.

Na biyar, ofisoshin gwamnati su biya kuɗin ruwan da suka sha kamar kowa.

Na shida, a ba ƙungiyoyin unguwa masu rajista da ƙananan hukumomi 11 na jihar damar neman rance daga asusun. Ga misali, na lissafi ne kawai: unguwa ta ranci naira miliyan 30 ta haƙa burtsatse mai sola da tanki da famfuna. Gida 300 kowanne ya biya naira 2,000 a wata, an tara 600,000. Rabi ya tafi gyara da albashin mai kula, rabi biyan bashi. Cikin wata 100, wato shekara takwas da wata huɗu, an gama biya, kuɗin sun koma wata unguwa. Kwatanta 2,000 da 24,000 ɗin da muka lissafa a baya.

Masu ja da wannan magana

Wani dattijo maƙwabcinmu da na yi wa wannan bayani ya ce, "'Yata, ruwa kyautar Allah ne. Kuma duk asusun da kika ji an kafa, wasu aka buɗe wa ɗakin cin abinci."

Na ce, "Baba, gaskiyarka a kan ruwa. Amma inji da bututu da wuta ba daga sama suke saukowa ba."

Magana ta biyu kuwa ban iya musanta ta ba, domin mun ga irinta. Amsar da nake da ita ita ce doka ta tilasta wallafa sunan duk wanda aka ranta wa, da adadin, da abin da ya biya, kowane wata uku, a kuma sa wakilan jama'a, har da mata, cikin masu sa ido. Mata ne ke sanin ranar da famfo ya kawo da ranar da bai kawo ba.

Akwai masu ƙyamar rance saboda riba, kuma damuwarsu abin dubawa ce. Asusun jiha zai iya ba da rance marar ruwa, ya karɓi kuɗin gudanarwa ƙayyadadde. Akwai kuma sukuk, wanda Jihar Osun ta yi amfani da shi a 2013 ta gina makarantu, Gwamnatin Tarayya kuma take gina hanyoyi da shi tun 2017. Ga waƙafi: tun zamanin Sahabbai Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Doka za ta iya buɗe wa masu hali ƙofa su zuba sadakarsu a ɓangaren tallafi, inda akwai mai gyara, maimakon kowa ya haƙa tasa rijiyar ta mutu ba mai kula.

Su kuma 'yan ga-ruwa, ba abokan gaba ba ne. Su suka riƙe garin nan da ƙarfin damtsensu. Abin da ya dace a yi musu rajista, a nuna musu wuraren ɗiba da aka gwada, a koya musu wanke jarka da kulorin.

Kafin famfo ya kawo

Doka tana ɗaukar lokaci, yaro kuwa yau zai sha ruwa. Ga abin da uwargida za ta iya yi.

A ware ruwan sha daban da na aiki. A tafasa shi har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya cikakke, ko a sa masa maganin kulorin irin su WaterGuard ko Aquatabs daidai yadda aka rubuta a jikinsa, a jira minti 30 kafin a sha. Alif, wanda wasu ke kira alam, kwantar da laka kawai yake yi, ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Idan ruwan ya yi duhu, a fara kwantar da shi a tace, sannan a tafasa ko a sa kulorin.

A zuba ruwan sha a mazubi mai ƙaramin baki da murfi, ko bokiti mai famfo. Idan randa ce, a rufe ta, a ware mata moɗa mai dogon hannu wadda ba a sha da ita, ba a kuma ajiye ta a ƙasa. A riƙa wanke jarka da randa kowane mako, tankin sama kuma a rufe shi a riƙa wanke shi. Mai haƙa rijiya ya nisanta ta da masai da sokawe da aƙalla mita 30.

Maganin yara na gari da ake zuba wa ruwa a kwalba, da ruwan da aka tafasa ya huce ake haɗa shi. Haka ma ruwan gishiri da sukari.

Idan yaro ya fara gudawa, a haɗa ledar gishiri da sukari a cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinta, yawanci lita ɗaya, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan bayan kowane bayan gida, a zubar da abin da ya kai awa 24. A ba shi zink miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya. Jaririn da bai kai wata shida ba rabin ƙwaya ake ba shi. A ci gaba da shayarwa da abinci. Yawancin gudawar yara ba ta buƙatar Flagyl ko ja-da-yalo. Ja-da-yalo ma ba a ba yaron da bai kai shekara takwas ba, domin yana ɓata haƙori. Shan irin waɗannan magunguna barkatai shi ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani, kamar yadda ya faru a Pakistan tun 2016, inda aka samu taifot da ke bijire wa yawancin magungunan da aka saba.

A garzaya asibiti idan an ga jini a bayan gida, ko gudawa mai kama da ruwan shinkafa, ko idanu sun faɗa, ko yaro ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko ya yi laushi ba ya kuzari. Kwalara tana iya kashe babba ma cikin sa'o'i. Kada kuma a manta da rigakafin rota, wanda aka sa cikin rigakafin yara na yau da kullum a 2022, ana ɗiga shi a baki a mako na 6, na 10 da na 14, kyauta.

Maigida kuma yana da nasa aikin. Majalisar jihar nan kujeru 24 gare ta, kowane gida yana da wakili a ciki. Idan ya zo ɗaurin aure ko ta'aziyya, ko lokacin sauraren ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi, a tambaye shi cikin ladabi: nawa aka ware wa ruwa bana, nawa aka saki? Cikin kuɗin waje da aka samu, nawa ne rance, nawa ne tallafi? Wa ke gwada ruwan da muke sha, a ina za mu ga sakamakon?

Uwar nan ta dawo bayan mako uku sayen sabulu da man shafawa. Ta ce yanzu takan tafasa wa yaron nasa daban a zuba a fulas, kuma cikin ya lafa. Sai ta ƙara da cewa gawayin tafasawar ma ya fara yi mata tsada. Ban samu amsar da zan ba ta a kan kanta ba. Amsar tana hannun waɗanda muka zaɓa.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.